Labulen Sista Baraka

Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar suna Nusaiba, sunan bai taɓa fita daga bakin uwarta ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a 'Yargalma ya san da haka. 'Yar fari ce, Turai kuwa ta tashi a gidan da ake riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai uwa ta kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Ana yaye yarinyar, Inna Sahura, uwar mijin Turai, ta kwashe ta da 'yan tsummokaranta ta kai ɗakinta. Daga nan Nusaiba ta zama ta tsohuwa. Ita take kira Inna, wadda ta haife ta kuwa sai ta ce mata "Turai" gatsal, kamar wata ƙawar wasanta. In Turai za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", ko "'yar Inna".

Matan unguwa har misali suke yi da ita. In wata ta cika rawar kai a kan ɗanta na fari, sai a ce ta je ta ga Turai matar Namadi ta koyi zama. Turai tana jin daɗin yabon, ba za a ɓoye ba. Abin da masu yabon ba su sani ba shi ne, ƙanzon da Nusaiba take tsinta kullum a kan murfin tukunya ba daga sama yake faɗowa ba. Kuma in yarinyar tana wasa a tsakar gida, Turai ta iya shara ta inda idonta zai riƙa kaiwa can ba tare da wuyanta ya juya ba.

Sai zinari ya zo. Namadi da sauran mazan gari suka riƙa shigo da duwatsu a buhu, mata suna dakawa a turamen da suke daka gero, yara suna birgima a cikin garin dutsen suna kai hannu baki. An ga kuɗi, an sayi babura, an rufa kwano. Kafin a farga yara sun fara amai, sai jijjiga, sai a wayi gari an ɗauki ƙaramar gawa a tabarma. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadakar waina, abin bai tsaya ba. Da ruwan farko ya sauka sai ga ma'aikatan lafiya da motoci, suka ɗebi jinin yara suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take. A ranar da suka zo, Nusaiba ta riga ta kwana biyu ba ta riƙe ko ruwa, idanunta suna kafewa sama.

Aka ce a kai ta Bukkuyum, inda aka keɓe wa irin waɗannan yara ɗaki a asibiti. Inna Sahura ta ɗaura zane ta ce ita ce mai jinya. Ma'aikatan suka ce uwar ma ta shigo mota. Namadi ya tsaya, don ga shuka, ga kuma ƙasar gidan da aka ce sai an kankare an zubar.

Ɗakin jinyar dogo ne, gadaje jere, kowane da yaro da uwa a gefensa. Inna Sahura ta hau gadon jikarta ta zauna daram. Turai ta shimfiɗa tabarmarta can bakin ƙofa, ta ba gadon baya. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanki, ita ce karɓo abinci, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa gadon ba. Wata baƙuwar likita ta tambaya ta bakin tafinta ko wannan 'yar aiki ce. Da aka ce uwar ce, ta dubi Turai wani irin kallo ta wuce. Turai ta ga kallon, ta haɗiye.

Maganin ƙwaya ce ake buɗewa a zuba garin a cikin zuma, a ba yaro da cokali, safe da rana da yamma. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, zumar ma ba ta iya rufe shi. Sauran yara suna kuka suna haɗiyewa. Nusaiba kuwa ta datse haƙora. In Inna Sahura ta kawo cokali, hannunta na rawa, rabi ya zube a zane, sauran yarinyar ta furzar. In mai farin kaya ya matso sai ta sanƙare tana ihu har numfashinta ya ɗauke. Likita ya tsaya a kanta ya ce in maganin bai zauna a cikinta ba, gubar za ta ci gaba da hawa kanta, kuma wanda ta hau wa kai sosai ba kowa ke dawowa ba. Turai tana bakin ƙofa tana matse wanki, ta ji kowace kalma.

A safiyar nan yaron gadon kusa ya cika. Uwarsa ta rungume shi tana kiran sunansa, tana kira, har aka zo aka ɓamɓare shi daga jikinta. Turai ta ji tausayin matar, amma wani abu ya fi tausayin ƙarfi, har ta ji kunyar kanta: kishi ta ji. Wannan ko ba komai ɗanta ya tafi da sunansa a kunne. Ita fa? In waccan ta tafi yau, za ta tafi ba ta taɓa jin uwarta ta kira ta ba. Tsoro ya kama Turai irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga shi ba ta da wanda za ta gaya wa.

Wajen hantsi yarinyar ta fara wani siririn kuka. "Turai... Turai..."

Wata mata ta ce, "Allah sarki, uwatta taka kira."

Turai ba ta motsa ba. Rigar da ke hannunta ta daɗe da tsanewa, amma murɗa ta take yi kamar za ta raba ta biyu.

Akwai wata nas a ɗakin, Sista Baraka, mutuniyar Gummi, gajeriya mai jiki, wadda ake jin ƙarar takalminta tun daga baranda. Muryarta kuwa ko mai tallan magani a kasuwa sai ya sara mata. Matan ɗakin suna kiranta Sista Tsawa a bayan idonta. Ita ce mai faɗa in an bar kwano a ƙasa, ita ce mai faɗa in ba a wanke hannu ba. Amma kuma ita ce in yaro ya ɓata jikinsa take naɗe hannun riga ta wanke shi tas ba ta ko yamutsa fuska. Tana tsaye da tiren magani, ta dubi yarinyar, ta dubi tsohuwar, sannan ta daɗe tana duban hannuwan Turai.

Sai ta dire tiren da ƙarfi.

"Wace ta uwar yarinyag ga?"

Inna Sahura ta gyara zama. "Ni ka riƙon ta."

"Ban ce wa ka riƙo ba, Inna. Wadda tah haihe ta nika tambaya."

Idanu suka koma bakin ƙofa.

"Ke! Ke da kinka ba mu baya awa baƙuwa! Nan asibiti na, ba tsakar gidanku ba. Doka ta, uwa ka ba da magani. Tashi ki ɗauki ɗiyarki, in ba haka ba wallahi yanzu in sa a kwashe ku dut a maishe ku ƙauye!"

Turai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Tunda take ba a taɓa yi mata tsawa a gaban surukarta ba. Ta miƙe ta dubi Inna Sahura.

Tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, ɗiyat hwari ta. Mu ga al'adarmu..."

"Al'adarku ta jira ku gida. Ke ma Inna, hannun ga naki da ka rawa bai yi min ba. Tahi ɗakin can na ƙarshe a auna miki jini."

Inna Sahura ta sauko daga gado tana salati, ta ja takalmi ta fita tana faɗin ita dai ba ta taɓa ganin marar kunya irin wannan ba. Sista Baraka ta fizgo wani koren labule mai ƙafafu, wanda ake kare gado da shi in za a duba marar lafiya, ta zagaye gadon da shi. Suka rage su uku a ciki.

Turai ta sunkuyar da kai tana jiran sauran faɗan. Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Muryar da ta yi magana ba ta yi kama da ta ɗazu ba ko kaɗan.

"Yi haƙuri, ƙanwata. Don su ji niy yi. Yanzu ba mai cewa ke kinka so, kowa ya ga ni nit tilasta ki. Zamna nan."

Turai ta ɗago ta dube ta, ba ta gane ba tukuna. Sista Baraka ta ɗauki yarinyar a hankali ta ɗora mata a cinya, ta gyara mata hannu ƙarƙashin kan, ta ɗan ɗaga shi. Rabon Turai da ɗaukar 'yarta tun yaye. Ta ji ta ba nauyi, kamar ƙwaryar da ba komai a ciki, ga zafin jiki yana ratsa zane.

"Kira ta."

"Ba ni iyawa, Sista."

"Ba mai ji sai ni, ni ko kukan yara ya daɗe da toshe min kunne. Kira ta."

Turai ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake. Sunan da ta yi shekara uku tana faɗa a cikin zuciya ya fito a shaƙe, kamar na wadda ta kwana da mura.

"Nusaiba."

Yarinyar ta buɗe ido. Ba ta yi murmushi ba, ba ta yi magana ba, ta dai kafe uwarta da kallo, ta kai hannu ta kama bakin mayafinta. Hawaye suka zubo wa Turai, ta ci gaba da faɗin sunan, tunda ƙofa ta buɗe ta kasa rufewa. Sista Baraka ta miƙa mata cokalin. Haƙoran suka ɗan saki. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen baki.

Turai ta ce, "Ta zubar."

Sista Baraka ta goge da auduga. "Rabi ya shiga. Jiya ko ɗigo bai shiga ba. Share hawayenki, ki ɗaure fuska, za ni buɗe labule."

Haka aka ci gaba. Duk lokacin magani sai an ji takalmin Sista Baraka, sai tsawa: "Ina mai taurin kan nan? Taso!" Sai Turai ta taso tana jan ƙafa kamar wadda za a kai wa alƙali, a ja labule. Sista ta gaya wa sauran nas-nas ɗin, don haka ko ba ta nan dokar tana nan. Inna Sahura kuwa da ta ga tire ya doso sai ta sauko tana mita, "Bari in tahi wurin awon jinin ga nasu na banza," ta fice. Matan ɗakin suna tausaya wa Turai. Wata har goro ta ba ta, ta ce ta yi haƙuri, wuyar asibiti ba ta dawwama, Allah zai saka mata a kan wannan azzaluma. Turai ta karɓi goron ta yi godiya, ta cusa baki a mayafi don kada dariya ta tona ta.

A bayan labulen nan ta koyi abubuwan da sauran mata suka sani tun ɗansu yana jariri. Ta gano Nusaiba tana da wani ɗan tabo a bayan kunne. Ta gano in aka shafa mata gira tana lumshe ido. Sista Baraka ba ta hanzarta su. In an gama ba da magani sai ta tsaya tana goge abin da ba ya bukatar gogewa, tana gyara robar ƙarin ruwa da ke zaune lafiya, don dai labulen ya ƙara jimawa a rufe.

Ba a tafi a miƙe ba. Wata ranar bayan la'asar, Sista Baraka ta riga ta rataya jaka za ta tashi daga aiki, jijjigar ta dawo wa Nusaiba da ƙarfi. Jikinta ya sanƙare, kumfa na fita. Inna Sahura ta ɗora hannu a ka. Turai ta miƙe daga tabarma ta tsaya cak, ta rasa gaba ta rasa baya. Sista Baraka ta jefar da jakar, ta kwantar da yarinyar a gefe, ta aika a kira likita, ta yi mata allura, duk a cikin ƙiftawar ido. Ko a wannan hali ba ta manta ba. Ta waiwayo ta daka wa Turai tsawa, "Ke, zo ki riƙe min ƙahwahunta!" Ta ja labule da ƙafa. Ba ƙafafun ta ba ta ba, kan ta ɗora mata a hannu. Ta durƙusa a gefensu tana shafa wa yarinyar ruwa da tsumma, tana cewa Turai, "Yi ta yi mata magana, tana jin ki." Ba ta tafi gida ba sai da jikin ya saki, numfashi ya daidaita, ana kiran magariba.

Daga ranar sauƙi ya fara shigowa, kaɗan-kaɗan. Amai ya tsaya. Ta fara zama. Wata safiya ta dubi kwanon tuwo ta ce, "Ƙanzo." Inna Sahura ta yi hamdala har da guɗa ƙasa-ƙasa. Gubar dai ba ta fita hannu wofi ba: ƙafar hagu tana ɗan ja, magana kuma sai ta yi jinkiri kafin ta fito. Likita ya ce a riƙa dawo da ita awo, kada kuma a sake daka dutse a gida. Amma tana raye, tana gane mutanenta.

Da aka ce an sallame su, sai wata damuwa ta taso wa Turai. Tana son ta yi wa Sista Baraka godiya, so irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ta shirya maganar a ranta ta warware, ta sake shiryawa. To amma ta yaya? Duk ɗakin sun san matar nan wulaƙanta ta take yi. In ta durƙusa ta gode a gaban Inna Sahura, ta faɗa da bakinta ke nan cewa da son ranta ta rungumi 'yar fari. Rufin asirin da aka yi mata shi ne ya ɗaure mata baki.

Ranar tafiya Inna Sahura ta goya jikarta, ta bi gado-gado tana sallama da mata. Da ta zo daidai Sista Baraka sai ta ɗaga hanci ta ce, "To, mu dai Allah ya raba mu lahiya." Sista ta ce, "A riƙa wanke mata hannu," ko ɗagowa ba ta yi ba. Turai ta bi bayan surukarta da ƙunshin kaya a ka. Ta wuce ta gaban matar da ta yi mata abin da ko uwarta ba ta yi mata ba, ba ta ce uffan ba.

Motar da za ta mai da su tana gindin bishiyar dogon yaro, direba yana jiran wasu. Turai ta sauke kaya. Inna Sahura ta tsaya tana lalube-lalube, sannan ta ce, "Turai, na mance butata ƙarƙashin gado. Koma ki ɗauko. Ki diba da kyau, kak ki yi gaugawa, mota ba ta cika ba."

Turai ta koma. Ba buta a ƙarƙashin gado. Sista Baraka ce kawai a wurin tana cire zanen gadon. Turai ta tsaya, duk maganar da ta shirya ta gudu. Ta durƙusa ta kama hannun matar da hannu biyu.

"Sista..."

Sista Baraka ta waiga, ta jawo koren labulen ta kare su.

Turai ta ce, "Da ta tahi rannan, da ta tahi ba ta taɓa jin sunanta ga bakina ba. Ban da abin da zan ba ki. Allah shi saka miki. Allah shi jiƙan mahaihwanki. Yadda kinka ruhwa min asiri, Allah shi ruhwa miki duniya da lahira."

"Amin, ƙanwata. Tashi, tashi." Ta ɗago ta, ta gyara mata mayafi. Sannan ta ce, "Ni ma ɗiyat hwari ta. Innata ta rasu ina jiran ta kira ni." Ta ja hanci ta koma muryarta ta aiki. "Ki riƙa kiran ta, ko bayan ɗaki na. Mi kinka dawo nema?"

"Butar Inna."

Sista Baraka ta yi dariya har tana dafa gado. "Tsohuwag ga! Jininta lahiya lau yake tun awon hwarko, na hwaɗa mata ba sai ta koma ba. Ita ka tashi da kanta ta tahi gindin icce ta zamna, sai ta ga an buɗe labule ta dawo tana zagina. Tahi, kada mota ta bar ki."

Turai ta fito tana goge fuska. Inna Sahura ta riga ta shiga mota. Ga bakin butar nan ya leƙo daga cikin ƙunshin kayanta, ko ɓoye shi da kyau ba ta yi ba.

"Ban gan ta ba, Inna."

"Bar ta, ta tsuhwa dama." Tsohuwa ta kwance goyo tana nishi. "Bayana ya gaji, hanyag ga kuma ba ta da kyau. Amshi wagga ki riƙe min."

Ta ɗora mata Nusaiba a cinya, ta juya fuska wajen taga, ta shiga kallon gonakin da gero ya fara rufe ƙasa kamar ba ta taɓa ganin gero ba. Direba ya ta da mota. Turai ta kai bakinta daidai ɗan tabon nan na bayan kunne, ta kira sunan. Tsohuwa ba ta waiwayo ba har suka isa gida.